Hanyar karatun da za ta kai yaro aikin masana'anta, daga bakin wanda ya bi ta

Ɗan yayata ya same ni a Sharada ranar wata Asabar, ina tsugune a gindin injin da ke buga bokiti, hannuna duk giris. Ya gama sakandare, ya ce: "Kawu, irin aikinka nake so, me zan cike a JAMB?" Na ce ya ja benci ya zauna tukuna, ya kalli abin da nake yi.

Bokitan suna fitowa baki bai cika ba, kamar ɓera ya gutsura. Yadda injin yake aiki shi ne a zuba ƙwayoyin roba ta mazurari, su gangara cikin wani bututun ƙarfe mai zafin da ya haura digiri 200, su narke, a tunkuɗa su da ƙarfi cikin mazubi, ruwan sanyi ya zagaya ya daskarar da su, mazubin ya buɗe bokiti ya faɗo. To in baki bai cika ba, ko zafi ne ya gaza, ko ƙarfin turawa, ko robar da ake aunawa ce ta yi kaɗan. Na ɗauko mita na auna, ashe ɗaya daga cikin hitocin da suka naɗe bututun ce ta ƙone. Minti ashirin aka koma aiki. Na ce masa a wannan ɗan gyaran akwai lantarki, akwai kanikanci, akwai sanin halin roba, kuma kowanne akwai inda ake koyar da shi. Abin da na gaya masa a ranar shi zan faɗa a nan, don iyaye da yawa suna yi mini wannan tambayar.

Tun daga sakandare ake ɗaura ɗamara. Ana neman kiredit biyar, kuma dole a ciki a sami Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Su ne dai darussa huɗun da zai zauna a JAMB in injiniyanci yake nema. Yaron da bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba, ina ba da shawara a duba masa kwalejojin fasaha na gwamnati irin na Ungogo, Bagauda da Wudil, inda ake koyon walda, haɗa waya da sassaƙa ƙarfe, a kuma rubuta jarrabawar NABTEB. Ni ta nan na biyo. Mutane suna yi wa kwalejin fasaha kallon makarantar waɗanda boko ya kayar, wannan kuwa kuskure ne babba, domin ana shiga foliteknik da takardarta in darussan sun cika.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma a nan nake so a nutsu.

Hanyar foliteknik ita ce ƙaramar difloma, wato ND, shekara biyu. Bayanta sai shekara guda cur ta aiki a masana'anta, sannan a koma a yi babbar difloma, HND, wata shekara biyun, a tafi hidimar ƙasa. A nan gida akwai Foliteknik ta Jihar Kano, sashenta na fasaha yana titin Matan Fada. Kusa da mu akwai ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma ta Kaduna wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan masana'antun Arewa. Mai son injuna ya ɗauki kanikanci, in ya kai HND ya karkata ga ɓangaren ƙere-ƙere ko na kula da manyan injuna. Mai son waya da allunan sarrafa inji ya ɗauki lantarki. Wanda kuma hankalinsa ya karkata ga roba ko fata, akwai cibiyar NILEST a Samarun Zariya da ke koyar da fasahar fata da ta roba, kuma duk wanda ya san majemun Challawa ya san wannan ilimin yana da kasuwa a Kano.

Hanyar jami'a shekara biyar ce. Jami'ar Bayero tana da kanikanci da lantarki da kuma mekatironiks, wanda ya haɗa inji da lantarki da kwamfuta wuri ɗaya. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, akwai Ahmadu Bello a Zariya. Mai digiri ya fi zurfi a lissafi da zane, kuma gaskiya ita ce a aikin gwamnati har yanzu ana fifita shi a kan mai HND. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniyanci ma rajista daban take yi wa injiniya, daban take yi wa mai HND. Amma a cikin masana'anta, lokacin da inji ya tsaya, lebura hamsin suna zaune, janareta yana shan gas, mai kamfani ba ya tambayar takarda. Wanda zai tayar da injin yake nema.

Kada kuma a ɗauka wanda ya shiga foliteknik ya rufe wa kansa ƙofar digiri. Mai ND da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye ta JAMB, ya fara daga aji biyu. Yaron da makinsa bai kai na jami'a ba, maimakon ya zauna gida shekara biyu yana maimaita jarrabawa, gara ya fara ND. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Kafin a biya ko sisi, a bincika ko kwas ɗin yana da amincewar hukuma. Na foliteknik NBTE ce ke tantancewa, hedikwatarta tana Kaduna. Na jami'a NUC ce, tare da COREN. Kwas ɗin ake tantancewa ɗaya bayan ɗaya, ba makarantar a dunƙule ba. Sannan uba ya taka da ƙafarsa ya leƙa ɗakin koyon aikin hannu, ya tambayi ɗaliban da ke ciki yaushe rabon da a kunna musu inji. Masu karatun ƙarshen mako kuma ba a tura su hidimar ƙasa, gara a sani tun da wuri. In kuɗin makaranta ne cikas, tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato watannin koyon aiki. Hukumar ITF mai horar da ma'aikatan masana'antu ce ta ƙirƙiro wannan shirin, wanda ake kira SIWES, a 1973, saboda masu masana'antu sun yi ta kukan ɗalibai suna fitowa ba su taɓa riƙe sifana ba. Ɗan ND yana yin wata huɗu bayan shekarar farko, ɗan jami'a wata shida a aji huɗu. Kowace shekara yara suna zuwa mini da littafin da ake rubuta aikin yau da gobe, wasu sai satin ƙarshe nake ganinsu, sun cike shafuka tas da aikin da ba su yi ba, suna roƙon in sa hannu. Ba na sawa, kuma raina yana ɓaci, don kansu suka cuta. Wasu ma ofishin wani ɗan uwa suke kai takardar, su ƙare watannin suna ɗaukar fayil.

Kai ɗalibi, ka nemi wurin da injuna suke juyawa: Sharada, Challawa, Bompai, Tokarawa, kamfanonin roba, na casar shinkafa, na matsar mai, na sabulu. Ka fara yawon kai takarda wata biyu kafin lokaci, kuma ka nemi ganin shugaban sashen gyara, kada ka tsaya ga maigadi. In an ɗauke ka, ka riga kowa zuwa. Ka sayi takalmin kariya, ka bar babbar riga da agogo a gida, don bel ba ya sabo da kowa. Kada ka sa hannu a inji sai ka kashe wutarsa da kanka, domin wutar masana'anta layi uku ce, ta kai bolt 400. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu, duk lalacewar da aka gyara ka rubuta alamarta da abin da ya jawo ta. Yara uku da ke aiki a ƙarƙashina yanzu duk a shekarar da ke tsakanin ND da HND na gano su.

A gefe kuma ka koyi karanta zanen inji, ka iya awo da baniya, wato ma'aunin kauri da faɗin ƙarfe, har kashi ɗaya cikin goma na milimita, ka koyi manhajar zanen inji irin AutoCAD ko SolidWorks ko da a kwamfutar aro ce. In ka sami mai koya maka PLC, ƙaramar na'urar da ke ba inji umarni, ka manne masa. Sababbin injunan da ake shigowa da su daga Sin da Indiya da ita suke aiki, kuma sau da yawa sai an ɗauko mai duba ta daga Legas.

Wanda ya riga ya iya aiki a gareji amma ba shi da takarda, shi ma akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya mai mataki uku, kuma ITF tana da cibiyar horarwa a nan Kano.

Ɗan yayar tawa ya cike kanikanci a foliteknik. Kafin sakamako ya fito, kullum ƙarfe bakwai yana ƙofar kamfani, kuma aikin da na fara ba shi shi ne wanke matatar ruwan da ke sanyaya mazubi.