Yadda nake koyar da barkwanci da alama a darasin zanga-zanga

Malam, idan za ka shiga ajin lise (babbar sakandare) da wannan darasi, kada ka fara da ƙasashen waje. Fara da tashe. Babu ɗan Maradi da bai ga yara da azumi sun liƙa gemun auduga suna kwaikwayon manya ba. Tambayi ɗalibanka: me ya sa dattijo yake dariya har ya ba da sadaka, alhali da a wani wata ne da yaron ya sha mari? Bar su su yi ta gardama. Daga nan za su kawo maka habaici, da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, inda ake faɗa wa mutum gaskiya kuma ba shi da damar yin fushi.

Sai ka kai su Sabiya. Matasan ƙungiyar Otpor, wadda aka kafa a 1998, sun zana fuskar shugaba Milosevic a jikin gangar ƙarfe, suka ajiye ta a titin Belgrade da sanda a gefe: ka jefa tsabar kuɗi a ciki, ka maka mata sandar. 'Yan sanda suka zo, waɗanda suka shirya abin sun janye gefe, sai gangar suka kama suka tafi da ita. A nan nake daɗewa, don nan ne darasin yake. Raba allo biyu, ka rubuta "in sun bari" da "in sun kama", ɗalibai su cika. Da kansu za su gano cewa ko ta ina hukuma ta bi, abin dariya ta zama. Milosevic ya bar mulki a 2000, amma ka ja musu kunne kada su ce ganga ce ta kayar da shi. Zaɓe ya faɗi, jama'a suka hana shi murɗewa.

Maganar alama ba ta da wuya. Gandhi ya yi tattaki zuwa bakin teku a 1930 ya ɗebi gishiri, saboda Turawan Ingila sun hana Indiyawa haɗa nasu. Tambaya guda ta isa: don me gishiri? Kullum akan sami yarinyar da za ta ce ai ko gidan talaka ba a miya babu shi. Ka ƙara musu da lemar matasan Hong Kong ta 2014, wadda da farko kare fuska kawai ake yi da ita daga hayaƙin 'yan sanda.

Aikin gida kuwa, nakan ba su tarihinmu: tattakin matan Yamai na 13 ga Mayu 1991, da suka nemi a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa. Kowane rukuni ya zana alamar da zai ɗauka da yana wurin, ya bayyana dalilinsa.

Sharaɗi biyu nake kafawa tun ranar farko. Ba a zolayar ƙabila, addini ko naƙasar wani, kuma ba a ambaton mai riƙe da muƙami a yau. Ka sanar da shugaban makaranta kafin ka fara, domin iyaye za su ji labari tun kafin magariba.