Yadda ake saita RetroArch tsofaffin wasanni su fito kamar a talabijin mai doro

Duk wanda ya buga Sega ko PS1 a gidan gem a Sakkwato, ya dawo yau ya ɗora wasannin nan a laftof ko falasma, zai ji wani abu bai zauna ba. Sonic ɗin nan ne, kiɗan ma shi ne, amma hoton ya yi kaushi, kowane ɗigo ya fito da kusurwoyinsa huɗu, fuskar Ryu na Street Fighter ta koma tubali-tubali. Ba idonka ne ya canza ba. Masu zana wasannin nan a kan talabijin mai doro suka zana su, kuma sun dogara da halinta: tana zana hoto layi-layi da ɗan duhu a tsakani, layi mai haske yana kumbura ya fi mai duhu kauri, akwai raga a bayan gilashi da ke raba ja da kore da shuɗi, sannan wayar da ke kawo hoton tana cakuɗa launukan da ke maƙwabtaka. RetroArch, manhajar da ke buga tsofaffin wasannin nan a kwamfuta ko waya, yana da matatun hoto da ke kwaikwayon duk wannan, a ƙarƙashin Shaders. Matsalar ita ce yawancin mutane suna loda ɗaya, su ga allo ya yi duhu da ratsi-ratsi, su kashe. Aikin yana da jeri, kuma wanda ya fara daga tsakiya wahala zai sha.

Fara da girman hoto, kafin ka taɓa wata matata

Mega Drive, wato Sega, yawanci yana fitar da hoto mai faɗin ɗigo 320 da layi 224. Super Nintendo 256 ne da 224, PS1 kuwa yawancin wasanninsa layi 240 ne. Allonka kuma yana da nasa adadin. In aka miƙe layi 224 ya cika allo mai layi 1080, kowane layin wasa zai samu ɗigo 4.8 da 'yan kai, wato wani ya samu biyar, wani huɗu. Ba tare da matata ba da ƙyar ka lura. Da ka sa matata, layukan duhun za su fito wani siriri wani mai kauri, kuma in hoto yana tafiya sama ko ƙasa sai ka ga yana rawa.

Maganinsa: shiga Settings, Video, Scaling, ka kunna Integer Scale. Aspect Ratio kuma ka bar shi a Core Provided ko 4:3. Yanzu 224 sau huɗu ya ba ka 896, za ka ga baƙi a sama da ƙasa. In baƙin ya dame ka, akwai zaɓin Overscale da zai ninka sau biyar, ya zama 1120, a yanke ɗigo ashirin a sama, ashirin a ƙasa. Ni shi na fi so a Mega Drive, don talabijin ɗin da muka sani ma tana cinye gefen hoto, kuma masu wasannin ba sa ajiye abu mai muhimmanci can.

Sai wani abu da ya shafe mu sosai a nan. Falasma mai inci 32 da ta cika shaguna da ɗakunan samari, da yawa daga cikinta ainihin allonta 1366 ne da 768, ko da ta karɓi hoton 1080 ta HDMI. Karɓa take yi ta matse shi, kuma matsewar nan tana wargaza ragar matata gaba ɗaya, sai ka ga wasu zobba masu launi suna yawo a kan sararin samaniyar Mario. Duba takardar bayan talabijin ɗin ko littafinta, ka sa kwamfuta ta aika daidai abin da allon yake da shi. Ka kuma shiga saitin talabijin ɗin ka mayar da Sharpness ƙasa, ka kunna Game Mode in akwai, ka kashe duk abin da ke faɗaɗa hoto ya wuce gefe. Laftof ɗin da ɗalibai suka fi riƙewa, na hannu da ake kawowa daga waje, su ma da yawa 768 ne.

Sauko da matatun, ka zaɓi wadda injinka zai ɗauka

A Settings, Drivers, Video, duba abin da ke kai. In vulkan ne, ko glcore, ko d3d11, matatun slang za ka yi amfani da su. In gl ne, sai na glsl. Tsohon laftof mai Intel HD 4000 ba ya tafiya da vulkan a Windows, ka ba shi d3d11. Bayan ka canza sai ka rufe RetroArch ka sake buɗewa. Daga nan Online Updater, Update Slang Shaders. Sau ɗaya ake yi, ba ya cin data sosai.

Buɗe wasa, danna F1, shiga Shaders, Load Preset, shaders_slang, crt. Jerin yana da tsawo, kada ya ruɗe ka. Waya ko kwamfuta mai rauni, zfast-crt ko crt-pi. Matsakaiciya, crt-easymode ko crt-lottes. Mai katin hoto na kirki, crt-guest-advanced. Akwai crt-royale da kowa ke yabo, kuma ta cancanci yabon, amma tana da nauyi, kuma kyanta ba ya fitowa sosai sai a allo mai 1440 ko 4K. A kan 768 ɓata wuta ne kawai.

Danna F3 ka ga adadin hotunan da ke fita a daƙiƙa. Ana son ya tsaya a wajen 60. Kunne ma yakan riga ido sani: da sauti ya fara ƙarce-ƙarce, injin ya gaza. Kuma kada ka yanke hukunci a minti biyun farko. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka zai fara lafiya lau, bayan rabin awa ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Haka in an ɗauke wuta ya koma kan batir. Matatar da za ta riƙe 60 a wannan halin ita ce taka, ko da wata ta fi ta kyau da asuba.

Layuka, raga, haske

A nan aikin yake. Shiga Shader Parameters. Duk abin da ka canza za ka gan shi nan take, kuma in ka rikice, maɓallin Start na fad yana mayar da layin da kake kai yadda ya zo. Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda. Zan ba da misali da crt-lottes don lambobinta kaɗan ne, amma tunanin ɗaya ne a sauran.

Da farko kashe lanƙwasa. Sunayenta warpX da warpY, suna zuwa a 0.031 da 0.041. Mayar da su sifili. Lanƙwasa tana karkatar da layukan da ka sha wahalar daidaitawa, kuma ita ce kan gaba wajen jawo zobban nan masu launi. In komai ya zauna, kana iya dawo da kaɗan daga baya.

Sai layukan duhu, wato hardScan, da ke zuwa a -8. Yawan nisansa ƙasa da sifili, yawan tsananin duhun tsakanin layuka. A nan mutane suka fi zarcewa. Hotunan da ake yaɗawa a intanet masu baƙaƙen layuka ƙarara yawanci na allunan Sony PVM ne, waɗanda gidajen talabijin da masu tace bidiyo ke aiki da su. Mu ba su muka kalla ba. Talabijin mai inci 14 ko 21 da ke kan benci a gidajen gem na Mabera ko Rijiyar Ɗorowa layukanta kusan a haɗe suke, sai ka matso sosai kake ganin rabuwarsu. Wani ƙanena ya leƙo ya tarar ana gwada saiti mai tsananin layi, ya ce, "Yaya, wanga tibi ta lalace ne?" Gaskiyarsa. In wanda ya shigo ɗaki layuka ya fara gani kafin ya ga wasan, sun yi yawa. Kai shi -6 ka duba. A allo mai 768, inda kowane layin wasa ɗigo uku kacal yake samu, sassauci ya zama dole, don in ɗaya ya tafi a duhu saura biyu.

Raga iri uku ce a talabijin na gaske. Akwai mai ɗigo uku-uku, wadda aka fi sani a allunan kwamfuta na da. Akwai mai zare a tsaye daga sama har ƙasa, irin ta Trinitron da Sony ya fitar a 1968. Akwai kuma mai gajerun ramuka a jere, wadda yawancin talabijin na gida ke da ita. A crt-lottes, shadowMask na 1 yana kwaikwayon ta gida, na 2 ta Trinitron, sifili kuma babu raga. Sai dai raga tana buƙatar wuri. A 4K akwai ɗigo tara ga kowane layi na wasa mai 240, komai zai fito. A 1080 ka zaɓi mai sauƙi: a crt-guest-advanced raga mai lamba sifili, wadda ke jera shunayya da kore, tana zama daidai kuma ba ta cin haske da yawa. A 768 ko dai ka rage ta ƙwarai ko ka kashe ta, layukan kaɗai sun isa. Rage ƙarfinta a crt-lottes shi ne ka matso da maskDark da maskLight kusa da juna: daga 0.5 da 1.5 zuwa kamar 0.7 da 1.3. In ka ga fari ya koma wani launi-launi a falasma, wataƙila allonta BGR ne maimakon RGB, wato jerin launukan ɗigonta shuɗi, kore, ja ne maimakon ja, kore, shuɗi, kuma crt-guest-advanced tana da wurin juya jerin ragar.

Yanzu hoton ya yi duhu, dole, tunda layuka da raga duk haske suke ci. Kada hannunka ya fara zuwa kan brightBoost. Fara ƙara hasken allon kansa, Backlight a talabijin ko maɓallin haske a laftof. In bai isa ba, sake rage raga. Sai a ƙarshe ka ɗan ɗaga brightBoost, don shi in ya yi yawa yana ƙona wurare masu haske, gajimaren Green Hill, matakin farko na Sonic, ya zama farin fili babu inuwa. Gwada da wuri biyu, mai haske da mai duhu: matakin farko na Sonic, da titin dare na farkon Streets of Rage 2. In kana ganin inuwar gajimare a can, kana kuma ganin abin da ke lungu a nan, ka samu. Ka yi saitin a lokacin da ka saba wasa, daga inda ka saba zama. Abin da ka daidaita da azahar, rana na dukan taga, zai kashe maka ido bayan isha'i. Hoton da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp kuwa ba ma'auni ba ne, matse shi ake yi.

Wayar rawaya

Je wurin ruwan da ke zubowa a Green Hill. A hoto tsantsa za ka ga zare-zare ne a tsaye, ɗaya shuɗi ɗaya babu. Mega Drive ba ya iya yin abu mai shara-shara, sai masu zanen suka jera zaren, suka bar wa wayar bidiyo ta narkar da su, ruwa ya fito ana hango abin da ke bayansa. Wayar nan mai kai rawaya da ke tafe da fara da ja, ko ta eriya, ita muka yi amfani da ita, kuma matatar talabijin kaɗai ba ta yin aikinta. In injinka yana da ƙarfi, loda crt-guest-advanced-ntsc, ta haɗa duka biyun. In ba shi da shi, shiga Core Options na Genesis Plus GX, wato core ɗin da ke buga wasannin Mega Drive a RetroArch, ka sa Blargg NTSC Filter a Composite, ka bar matatarka mai sauƙi a kai. Snes9x, na Super Nintendo, ma yana da shi. Ɗaya za ka zaɓa, in ka haɗa biyun rubutu ba zai karantu ba.

Af, in ka ji Sonic ya fi yadda ka san shi sauri, ba matata ba ce. Najeriya tana kan tsarin PAL ne mai hoto 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan 60 ne, kuma wasanni da yawa na Turai sun fi tafiya a hankali saboda haka. A allon yau na 60 ɗin ya fi tafiya sumul.

Masu Winning Eleven da Tekken 3, ku bar Internal Resolution na PS1 a 1x. Da an ninka shi, matata za ta ɗauka layukan sun ninku, ta zana su sirara har su ɓace. Game Boy Advance kuwa na hannu ne mai nasa allon, nasa matatun suna cikin jakar handheld.

Ajiyewa

In ka fita ba ka ajiye ba, aikin ya tafi. A cikin Shaders shiga Save Preset. Save Core Preset zai sa duk wasannin injin wasan nan, kamar Mega Drive, su buɗe da saitin, Save Game Preset na wasa ɗaya ne, Save Global Preset na kowa da kowa. Na wasa yana rinjayar na inji, na inji yana rinjayar na kowa, don haka in ka canza saiti ka ga wani wasa ya ƙi bi, nemi tsohon saitinsa ka cire a Remove Preset. Ni nakan ajiye ɗaya ga Mega Drive mai wayar rawaya, ɗaya ga PS1 mai sassaucin layi, sannan in yi Save Preset As in ajiye wani mara nauyi da suna daban, wanda nake lodawa in an koma kan batir. Mai haɗa laftof da falasma wani lokaci, wani lokaci kuma ya buga a allon laftof ɗin, shi ma saiti biyu yake buƙata, don ragar da ta zauna a 1080 ba za ta zauna a 768 ba.