Yadda za ka fitar da kundin waƙoƙinka haɗe da na aro ba tare da kamfani ba

Mawaƙin da ba shi da kamfani a bayansa shi ne marubuci, shi ne mai rerawa, shi ne kuma mai biyan kuɗin situdiyo. Irinsa kan so ya saka waƙar wani guda ɗaya ko biyu a kundinsa, domin mutane sun fi saurin danna abin da kunnensu ya saba ji. Dabarar tana aiki, sai dai waƙar aro ta fi taka yawan aikin takarda, kuma da shi ake farawa tun kafin a kama makirfo.

Da farko ka san cewa kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara baitoci da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Idan ka rera da muryarka a kan kiɗan da aka buga maka sabo, na farkon kaɗai ya shafe ka. In kuwa ka yanko wani guntu daga ainihin faifan, ko ka sauko da kiɗan daga YouTube ka hau kai, to ka shiga gonar na biyun, shi kuwa ba dole ne ya yarda ba.

Mataki na biyu shi ne neman izini. A Amurka doka ta ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka fitar a can, muddin zai biya kuɗin da hukuma ta yanke, wanda a 2023 ya zama senti 12 a kan kowane kwafi da aka sayar. Masu rarraba waƙa irin DistroKid, wato kamfanonin da ke kai waƙarka manhajojin sauraro irin Spotify, suna karɓo maka wannan lasisi idan ka nuna musu waƙar ta aro ce, su caje ka kuɗinsa daban. Amma lasisin bai ba ka damar sauya baitoci ko ainihin karin ba. A nan namu suka fi yin tuntuɓe. Ɗora baitocin Hausa a kan karin waƙar Indiya, ko juya waƙar Turanci zuwa Hausa, ba maimaici ba ne a idon doka, sabon aiki ne da aka ciro daga na wani, kuma sai mai haƙƙin ya amince da kansa. Mun daɗe muna yi a zamanin kaset ba wanda ya tanka, amma yanzu na'urar da ke gano waƙar wani a intanet ce ke sauraro.

Idan waƙar ta mawaƙin gida ce, ka je wurin mai ita, ko magadansa in ya rasu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna hannun masu haƙƙi har ƙarshen 2069. Ko waƙoƙin gaɗa da na daka da ba a san mai su ba, dokar ta sa yin kasuwanci da su a ƙarƙashin Hukumar Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Kana iya tuntuɓar ƙungiyar MCSN a Najeriya, ko hukumar BNDA a Nijar, masu kula da haƙƙin mawaƙa. Duk abin da aka yarda a kai a rubuta, a sa hannu, da shaidu. "Allah ya ba da sa'a, ɗana" addu'a ce, ba lasisi ba.

Na uku, waƙoƙinka na kanka. Ku zauna da mai kiɗa ku rubuta ko sayen kiɗan ka yi gaba ɗaya, ko yana da kaso. 'Yan amshi ma haka.

Sai jerin waƙoƙin kundin. A wurin Spotify, waƙa bakwai zuwa sama ko abin da ya haura minti 30 shi ne kundi. A ganina cikin waƙa goma, biyu na aro sun isa, uku sun yi yawa ga wanda yake so a san shi da alƙalaminsa. Kada ka buɗe kundin da ta aro, ka ajiye ta ta uku ko ta huɗu. Kuma kada ka kwaikwayi muryar mai ita. Ka rage saurin kiɗan, ka sa gurmi ko jita inda aka sa fiyano, ka bar baitocin yadda suke.

Wajen ɗorawa a intanet, sauti ya zama WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, hoton bango murabba'i mai pixel 3000 da 3000. Mai rarrabawa zai ba kowace waƙa lambarta ta ISRC, wato lambar shaidar sautin da aka naɗa. A gurbin marubuci ka sa sunan ainihin wanda ya rubuta waƙar aron, a gurbin mawaƙi kuma sunanka kaɗai. Ka sa ranar fita da tazarar mako uku ko huɗu, domin Spotify na son a gabatar wa editocinsa waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fita. Ka tabbata mai rarrabawar yana kai wa Audiomack da Boomplay, inda masu sauraronmu suke da yawa.

Bidiyo kuma lasisinsa daban ne, wancan lasisin na sake rerawa bai haɗa da shi ba. Idan ka ɗora bidiyon waƙar aro a YouTube, mai haƙƙin na iya karɓe kuɗin tallan da ke kai, ko ya sa a toshe shi. Kuɗin ɗaukar bidiyo ka kashe shi a kan waƙar da ka rubuta.