Yadda za ka kafa sabar Minecraft a kwamfutarka don abokai

Da farko ka sauke server.jar daga minecraft.net, ka ajiye shi a folda ta kansa. Sigar Minecraft 1.21 sai da Java 21, wato manhajar da ke kunna sabar. Tsohuwar Java ba za ta tashe ta ba.

Buɗe wurin rubuta umarni a cikin foldar, ka rubuta: java -Xmx2G -jar server.jar nogui. Karon farko za ta tsaya, kada ka damu. Buɗe eula.txt, ka mayar da false zuwa true, ka sake kunnawa. Gigabait 2 na RAM, wanda -Xmx2G ke nufi, ya ishi mutum huɗu ko biyar.

A cikin server.properties ka sa white-list=true, wato sai wanda ka saka sunansa a jeri ne zai iya shiga, in ba haka ba baƙo zai shigo ya rushe muku gini. Idan wasan yana sarƙewa, rage view-distance, wato nisan da ake hangowa a wasan, daga 10 zuwa 6.

Inda ake shan wahala shi ne shigowar na waje. Wanda ke kan wayfai ɗaya da kai, adireshin IP na cikin gida ya ishe shi. Amma abokinka na Bukuru, kai kana Tudun Wada, sai ka buɗe ƙofa (port) ta 25565 a rauta. Da MiFi ko datar waya wannan yawanci ba ya yiwuwa, domin mutane da yawa ke raba IP guda. Mafita ita ce playit.gg, ya ba ka adireshin da za ka tura musu. Masu wasa a waya kuwa, sigar Minecraft ta Bedrock ce tasu, sai ka ƙara Geyser, manhajar da ke ba su damar shiga sabar irin taka.

Kafin ka kashe, rubuta stop a wurin rubuta umarnin. Ɗaukewar wuta tana iya lalata duniyar wasan da kuka gina, don haka ka riƙa kwafe foldar world a filas.