Yadda Ake Sa Hoto a Bayan Rubutu a Word

Masu buga wa alhazai takardu a Makka da Jidda, ku bar bi ta Page Color, wato wurin canza launin shafi. Hoton da aka sa ta nan yakan maimaitu gutsi-gutsi, kuma sau da yawa firinta ba ta fitar da shi.

Ku shiga Design, wato Tasmim a Word na Larabci, sai Watermark, Custom Watermark, Picture watermark. Ku zaɓi hoton, kada ku cire alamar Washout don ya dusashe, in ba haka ba ya danne rubutu. A4 faɗinta santimita 21 ne, tsayi 29.7, sai a nemi hoto mai fiksel 2480 da 3508, ƙarami yakan fito dishi-dishi.

Hoton a Header, wato sashen saman shafi, yake zaune, ta nan ake matsar da shi. Ku adana a .dotx, wato samfurin Word da ake sake amfani da shi.