Kurakuran da aka fi yi a cacar-bakin irin zamani da maganin ƙwari

Tun daga watan Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta amince a fara sayar wa manoma masarar TELA, wadda aka yi wa sauyi don ta kare kanta daga tsutsa, zancen irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda aka fi sani da GMO, bai lafa ba a jihar Kaduna, a gidajen rediyo da majalisun dare da saƙonnin WhatsApp. Ya kamata a ce mu ne muka fi kowa fahimtar al'amarin, domin a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka gudanar da aikin wannan masara, can kuma aka fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. Sai dai idan aka saurari masu yabo da masu suka, za a tarar kowane ɓangare yana maimaita kurakuran da sukan kai manomi ga asara, su kuma kawar da hankalin mai saye daga haɗarin da ke cikin tukunyarsa.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar duk wani ingantaccen iri a matsayin GMO. Iri uku ne ake cakuɗawa. Akwai irin da masana suka tace ta hanyar zaɓe da barbara tsakanin tsirrai 'yan uwan juna, wanda manomi zai iya ajiyewa ya sake shukawa na 'yan shekaru. Akwai iri mai aure, wanda ake samu ta haɗa iyaye biyu da aka keɓe, kuma manoman Saminaka da Giwa da Soba sun shafe shekaru da dama suna noma shi tun kafin a ji sunan GMO a ƙasar nan. Na uku shi ne wanda aka shigar wa ƙwayar halitta daga wata halitta dabam. A waken SAMPEA 20-T, an ɗauko ta ne daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ke samar da sinadarin da ke kashe tsutsa idan ta ci. Gyaran wannan kuskure ba shi da wuya: a karanta sunan da ke jikin ledar. Nau'o'in TELA su ne SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T, kuma harafin T da ke ƙarshen sunan, kamar yadda yake a na waken, shi ne alamar. Girman tumatir ko kyan masara a ido ba shaida ba ne.

Daga wannan ruɗani ne aka haifi maganar cewa irin ba ya tsira idan aka sake shuka shi, har wasu suna cewa yana kashe gona. Yana tsira sarai. Abin da manomi ke gani shi ne halin iri mai aure, ko an sauya masa ƙwayar halitta ko ba a sauya ba. Wanda ya ɗebi iri daga rumbunsa bayan ya girbe masara mai aure zai tarar gonar ta fito ba a jere ba, wani kara ya yi tsawo wani ya tsugunne, wani ya yi goyo biyu wani ko ɗaya babu, zangarniya kuma ta ƙanƙance, saboda halayen iyayen da aka haɗa sun rarrabu a zuriya ta biyu. Masarar TELA mai aure ce, don haka sai an sayi sabon iri kowace damina. Wake kuwa kansa yake yi wa barbara, shi ya sa irinsa yakan riƙe halinsa idan aka ajiye shi ba tare da an gauraya da wani ba. A nan masu suka suna da hujjar da ya kamata su riƙe da kyau, wato tsadar iri da dogaro da kamfanoni, amma sukan sake ta su kama jita-jitar da gona ɗaya ta isa ta ƙaryata.

Masu yabo ma suna da nasu, kuma a ganina shi ya fi jawo asarar kuɗi. Sukan yi magana kamar wanda ya shuka wannan wake ya yi sallama da feshi. Kariyar da ke jikinsa ta tsutsar Maruka ce kaɗai, wadda ke huda fure da kwanso. Ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure da masu tsotse kwanso suna nan daram, shi ya sa masu binciken suka ce a rage feshi daga sau shida zuwa takwas a koma sau biyu, ba su ce a daina ba. Haka kuma irin GMO ba ya hana ƙuduji a gonar masara, ba ya maye gurbin taki, ba ya kare hatsi a ajiya. Tsutsa ma takan saba: a Afirka ta Kudu an tabbatar tun 2007 cewa wata tsutsar karan masara ta daina mutuwa idan ta ci masarar GMO mai kariyar tsutsa. Saboda haka duk umarnin da ya zo da irin game da barin wani yanki na gona da irin da ba shi da kariyar, a bi shi.

Kuskuren da ya fi dukkansu muni shi ne wanda ba a cika yin muhawara a kansa ba. Mutumin da zai rantse ba zai ci GMO ba, shi ne zai tsaya a kasuwa ya zaɓi waken da ko huda ɗaya babu a jikinsa bayan wata shida da girbi, bai tambayi abin da ya hana ƙwaro kusantarsa ba. Sau da yawa amsar ita ce an yayyafa masa fiya-fiya, wato sinadarin dikilobos, ko an jefa ƙwayar maganin hayaƙi tsirara a cikin buhu aka jingine shi a ɗakin da yara ke kwana. Dikilobos ɗin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, shekaru kafin a fitar da wani waken GMO. Maganin kuwa yana hannu. Buhun PICS, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Purdue ta Amurka, yana da leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, idan aka busar da wake sosai aka matse iska aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin sukan mutu don rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma yana yin wannan aiki, in dai an cika shi taf kuma ba a riƙa buɗewa.

Haka zancen fumfuna yake. Masara ko gyaɗar da aka shanya a ƙasa, ko aka zuba a buhu da sauran danshi, takan kamu da gubar afalatokzin, wadda dahuwa ba ta kashewa, kuma tana cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanta. Mutane sukan tsince mai kyau su kai kasuwa, su niƙa mai baƙi-baƙin a gida ko su ba kaji, alhali zubarwa ya kamata a yi. A shanya a kan tamfol, a kuma nemi Aflasafe, maganin rage wannan guba tun daga gona, na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wanda ake watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure.

Ta fuskar hukumomi kuwa, akan kai ƙara inda ba nan ba ne. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke ba da izinin gwaji da sakin irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. NAFDAC ke kula da rajistar maganin ƙwari da lafiyar abinci, ingancin irin da ke kasuwa kuma aikin Majalisar Kula da Iri ta Ƙasa ne, wadda ta fito da tambarin da ake kankarewa a tura lambar ta waya don gane jabu. Mai shakka yana da haƙƙin ya tambaya, kuma akwai tambayar da har yanzu take neman amsa mai gamsarwa: ta yaya uwargida za ta san wane wake aka auna mata a tiya a Kasuwar Bacci, inda babu leda balle rubutu? Wannan ita ce tambayar da ta dace a tura wa NBMA da 'yan majalisa. Manomin da yake son gani da ido kuwa, sai ya tuntuɓi malamin gona na KADA, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, ko cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru, ya ware kunya goma ya shuka sabon irin kusa da nasa, ya rubuta kuɗin iri da na taki da na feshi, ya auna abin da kowanne ya ba shi ranar sussuka.