Yadda za ki raba rainon yara idan dangi za su Yankari hutun Sallah

Idan 'yan gidanku sun shirya haɗa motoci a tafi gandun dajin Yankari bayan Sallah, kada ki yarda a gama lissafin kuɗin mai da na ɗaki a watse ba a taɓo maganar yara ba. Ni ce babba a ɗakinmu a nan Bauchi, a kaina shirin irin wannan tafiya yake faɗawa, kuma na lura duk ɗaure fuskar da facaloli ke dawowa da ita daga kan riƙon yara take farawa.

Ki tayar da zancen kwana biyu kafin tafiya, a gaban Hajiya, don kada a ce ke kika ƙirƙiro doka. A ƙirga yaran da sunansu. Wance ce da su daga karin kumallo zuwa azahar, wane daga azahar zuwa la'asar. Ba za a rasa mai cewa, "Haba Yaya, ɗa ai na kowa ne, har sai an rubuta?" ba. Ki yi dariya, ki rubuta abinki.

A tsakar gida maganarta gaskiya ce, amma ban da bakin ruwan Wikki, inda ake wanka a Yankari. Ruwan ɗumi ne, wajen digiri 31 dare da rana, garai-garai har ana hango yashin ƙasa, sai yaro ya ɗauka iya gwiwa ne. Can wajen da yake ɓulɓulowa daga gindin dutse kuwa ya sha kansa nesa ba kusa ba. Manya goma na zaune, kowa ya saki jiki wai wani na kallo. Don haka wadda ke kan aiki ba waya a hannunta, ba hira, kuma ba ta tashi sai ta miƙa su baki da baki: "Ga su nan, su biyar ne." Ɗayar ta ƙirga, ta ce ta karɓa.

Sai ki duba wa ake shirin jibga wa aikin, don kusan kullum mutum ɗaya ce: autar gida da ba ta yi aure ba, ko amarya, ko wadda Allah bai ba haihuwa ba tukuna, ko yarinyar da ake riƙo. Kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba, sai dai ta wuni da goyon wata a baya, ta koma gida ko giwa ɗaya ba ta fita nema ba. Motar zagaya daji tana fita da safe, tana fita da yamma. Wadda ta zauna da jarirai da safe ita ce ta farko a motar yamma, kuma kuɗin kujerarta daga asusun tafiya.

Maza ma da rabonsu. Yara maza da suka tasa a hannunsu suke, wanka da sallah da komai. Amma kada ki faɗa wa mijin ƙanwarki da bakinki. Ki bi ta wajen Baffa, shi ya sanar.

Maganar horo ita ce mai zafi. A gidan wani ana duka, a gidan wani ko zagi ba a yi. Mu dai mun tsaya a kan cewa tsawa kowa ya yi, hannu kuwa sai uwa ko uba. Ki tuna kuma da mai ɗan fari: a gaban surukai ko sunansa ba za ta kama ba, balle ta tare masa. Ki ba gwaggonsa amanarsa tun a mota. Hajiya da ke ɗura wa jikoki alewa da lemo tana "mijina, mijina", wannan ki kawar da kai, kwana biyu ne.

Magani ne ba a kawar da kai a kansa. Hannu ɗaya ke bayarwa, kada yaro ya yi zazzaɓi uwa ta ba shi farasitamol, gwaggo ma ta ƙara masa. In akwai mai sikila, kowa ya sani: ya sha ruwa sosai, kada ya zauna da jiƙaƙƙun kaya.

Abinci kuma a ci a ɗaki, ƙofa a rufe. Gwaggon birin sansanin ya san leda, kuma hannun yaro yake fara dubawa.

Hanyar da tsawo. Bayan an bar titin Gombe a Dindima an kai ƙofar Mainamaji, akwai sauran tafiya ta wajen kilomita 40 cikin daji kafin masauki, don haka a rarraba yaran a motoci, kada a tara wa mace ɗaya su duka a bayan bas. In kuma duk da haka rai ya ɓaci, a ja juna gefe bayan isha'i yara sun kwanta. Kada a kai shi zauren WhatsApp na dangi, inda har waɗanda ba su je ba za su sa baki.